Karangiyar da Ta Bi Mu Badun

Da sunan Allah nake farawa, wanda ya san inda kowane bawa zai kwanta tun ba a haife shi ba.

Sunana Isuhu, mutumin Ollelewa a ƙasar Damargu. Karatuna na allo ne, sai ɗan abin da na tsinta daga baya. Zan faɗi tafiyar da muka yi zuwa Badun ta ƙasar Yarbawa, a shekarar da Nasara suka ɗauke gwamna daga Damagaram suka mai da shi Yamai. Zan bi ta zango-zango yadda ta auku, don ba na son labarin da ake kama shi ta wutsiya.

Mu biyu muka tafi, ni da Nomau, ɗan gwaggona Hajo. Taubashina ne. Yana ce mini bawansa, ina ce masa nawa, ba a taɓa raba gardamar ba. Gero bai yi ba a shekarar, ga lanho, harajin Faransi, yana jira, sai muka shiga cikin masu kora wa wani madugu shanu daga Belbeji zuwa kudu.

Akwai abin da ya kamata a sani kafin a bi mu hanya. Uban Nomau ya fita neman hatsi a shekarar babbar yunwa, ya nufi kudu, bai dawo ba, ba kuwa wanda ya zo ya ce ga inda ya faɗi. Wannan ya fi mutuwar kanta ci wa Gwaggo rai. Ga abin da ta ɗora mini: "Isuhu, kai ne mai natsuwar. Ka maido mini shi. In kuwa Allah ya yi ikonsa, ka san inda ya kwanta, ka zo ka faɗa mini. Kada ka ce mini kudu. Kudu ba wuri ba ne."

Duk dukiyar Nomau sanda ce da wata tsohuwar sakala, bargon gashi da ubansa ya bari a rataye. Da ita yake kwana a gona lokacin gadin gero, don haka karangiya ta cika ta fal. Ni mutum ne mai son kowane abu a wurinsa. Duk inda muka sauka sai na ce ya kawo in cire masa.

"Bar mini kayana, Liman," in ji shi. Haka yake kirana in yana son tsokana. "Ita ta ci da mu a shekarar yunwa, mun sussuke ta mun yi tuwo. Yau mun ga hanyar birni sai mu ce ba mu san ta ba?"

Zango na farko, Damagaram.

A nan na fara lura da wata ɗabi'a ta Nomau. In mun shiga gari, kowa idonsa na kan soraye da kasuwa, shi nasa na ƙasa, yana duban abin da ya tsiro a gindin bango. Ya ce gari duk ciyawarsa ce ke tona masa asiri.

A unguwar Zango, inda Buzaye ke durƙusar da raƙuma, ya nuna mini tsidau da filasko da 'yan ƙananan kandili suna fitowa daga tsohon kashin raƙumi. "Waɗannan 'yan garinmu ne, a cikin raƙuma aka kawo su." Cikin Birni kuwa kuka ce da tsamiya, tsofaffi, ga lalle a bayan ɗakunan mata inda ake zubar da ruwan wanke-wanke. Gefen tabki akwai garake, wato lambuna, masu dabino da albasa, taku kaɗan daga nan kuma dutse ne tsirara, ko tumfafiya ba ta kama ba. Da muka bi ta bariki muka ga wasu itatuwa da ba mu san sunansu ba, an dasa su a jere kamar soja a gaban gidan kumandan. 'Yan kaso, wato fursunoni, ke ɗauko musu ruwa a tulu, gardi na bayansu da bulala.

Nomau ya tsaya yana kallo har gardin ya harare mu. Da muka wuce ya ce, "Ka gani, bawana? Har itace akwai mai bayi."

Shi a warwatse yake faɗin irin waɗannan abubuwa. Ni na jera su daga baya, na ga uku ne ke raba tsiro a cikin gari. Na farko ruwa, inda yake kwanciya da inda ake zubar da shi. Na biyu ƙafa, ta mutum ko ta bisa, wadda ke kawo iri daga nesa. Na uku iko, wato wanda ke cewa a dasa wannan, a sare wancan. Duk garin da muka shiga bayan nan ban ga na huɗu ba.

Zango na biyu, Kano.

Mun tsallaka ƙasar Ingilishi ba wanda ya tambaye mu kome, shanun kawai aka ƙirga. Aka sauke mu a Fagge, muka daɗe a can don madugu na sayar da wasu shanun yana sayen wasu. In ba mu da aikin kiwo sai Nomau ya ja ni yawo.

Ban taɓa ganin gari mai gonaki a cikin ganuwarsa ba sai Kano. Ga kududdufai inda aka haƙi ƙasar gini, kainuwa da bado sun rufe su. Ga rimi da ba a ganin ƙarshensa sai an ɗaga kai har hula ta faɗi. A Sabon Gari, inda mutanen kurmi ke zaune, kowane gida akwai ayaba da gwanda a bayan makewayi, da wani ganye mai ɗaci da suke miya da shi. Sun taho da abinsu daga ƙasarsu kamar yadda raƙuma suka taho da namu. A Nasarawa kuwa, unguwar Turawa, mangwaro ne a jere, da furanni ja da fari waɗanda ba a ci, ba a magani da su, an kewaye su da shinge. Nomau ya leƙa ta shingen, mai ban ruwan ya taso mana da sanda.

"Kai, mutanen Faransi! Me kuke nema?"

"Akuya muke nema, ranka ya daɗe."

"Ba akuya a nan."

"Shi ya sa ban yarda da ganyenku ba," in ji Nomau.

Wannan ba wasa kaɗai ba ne. A Damargu haka aka koya mana tun muna yara: in ka ga tsiron da ba ka sani ba, ka dubi akuya. Abin da ta ci ba ya kashe mutum. Doka ta biyu kuma, ɗaci ba ya hana mu ci. Mun tashi da aduwa da garahuni, mun tashi da anza wadda ɗacinta ke kai wa har ƙwaƙwalwa. Da waɗannan dokoki biyu kakanninmu suka tsallake yunwa bayan yunwa.

A Kano muka fara cin rogo. Can ƙasarmu ba a noma shi, rairayi da ƙarancin ruwa ba su bari. Wani manomi a cikin ganuwa, da ya ji harshenmu ya gane baƙi ne, ya tuge guda ya ɓare mana ɗanye. Fari ne tas, da zaƙi-zaƙi, yana ƙaras-ƙaras a baki. Daga baya muka riƙa sayen dafaffe da ƙuliƙuli wurin wata tsohuwa a bakin kasuwa, takan ƙara mana ɗan gutsure ta ce, "Ku ci, 'ya'yan nan, duk kun bushe kamar kirare." Nomau ya ce in ya koma gida sai ya nemi garka ya dasa abin nan, ya huta da jiran gero.

Mu iyakar Kano muka yi alkawari da madugu. Da lokacin komawa ya yi sai ya ce kasuwa ba ta yi ba, za a wuce da sauran shanun Badun. Muka tambaye shi ina ne Badun. Ya ce nan gaba kaɗan da Zariya, in an sayar kuma zai sa mu a jirgin ƙasa ya maido mu Kano muna zaune. Nomau bai taɓa hawa jirgi ba. Ni kuwa na ga ba daidai ba ne a bar aiki a tsakiya. Muka yarda.

Zango na uku, hanya.

Badun ba gaba kaɗan da Zariya take ba. Mun wuce Zariya har mun manta da kamanninta ba mu ji ɗuriyar Badun ba. Tsando ya faɗa wa shanu, sammore ya kama wasu, muna yanka su a gefen hanya. Takalmana suka ƙare, na ɗinka, suka sake ƙarewa.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda itatuwan gida suka yi ta barinmu ɗaya bayan ɗaya. Kandili tun kafin Kano ya tsaya. Sai sabara, sai aduwa, sai magarya. Kalgo ya raka mu da nisa. Duk wanda Nomau ya ga alamar ba za mu sake gani ba sai ya ɗaga masa sanda ya ce, "Sai mun dawo, Baba. A gaida gida." Sauran masu kora suna dariya. Ni ban yi ba.

Da muka ƙetare kogin Kwara a Jabba daji ya zama baƙo gaba ɗaya. Amma duk garin da muka shiga, tun daga nesa Nomau kan nuna inda zangon Hausawa yake, bai kuwa taɓa kuskure ba. In ka hango kuka da shingen zogale da lalle, to can ne. Fatake ne suka sha 'ya'yan kuka suka tofar, matansu suka dasa sauran. A Ilori wata mata ta ba mu tuwo da miyar kuka. Nomau ya ci loma biyu ya kau da kai, ya ce yaji ne ya shiga masa ido.

Zango na huɗu, Badun.

Mun isa ana farkon ruwan damina. Gari ne a kan tuddai, ba ya da iyaka, kuma kore ne ko'ina. Kwakwar manja da ayaba a tsakanin gidaje, ciyawa har a kan bango, ga wasu ƙananan kurmi a tsakiyar gari da ba mai taɓa su da gatari don abin da suke bauta wa yana ciki. Nomau ya yi ta dube-dube, can ya ce, "Isuhu, yau na zama makaho. Ban san sunan kowa ba a nan." Ranar ce kaɗai na ji ya kira ni da sunana ba tsokana.

Da aka sayar da shanu, madugu ya aike mu rafi mu shayar da 'yan biyun da suka rage. Kafin mu dawo ya hau jirgin da ya yi mana alkawari, shi kaɗai. Shanun biyu ma ashe an riga an sayar da su, mai su yana jiranmu da igiya.

A Sabo, unguwar Hausawa, wani tsoho Bakatsine mai haƙar kabari, Baba Ɗanjuma, ya ba mu gefen rumfarsa. Muka shiga dako a kasuwa. Wanda ba ya jin Yarbanci shi ake ba wa kaya mafi nauyi. Wata rana mu ci, wata rana mu sha ruwa mu kwanta. A Damargu in yunwa ta zo ka san wajen da za ka nufa a daji. A nan ganye ya kewaye mu ta ko'ina, ba mu san wanda za mu tsinka ba.

Wata rana da hantsi wata Bayarabiya, ana ce mata Iya, ta ɗauke mu mu kwaso mata rogo daga gona zuwa gidanta a gefen gari. Mun yi sawu da yawa ba mu karya ba. A tsakar gidanta awaki na cin busasshen ɓawon rogo. Da muka gama ta sallame mu, ta kuma nuna wasu da suka kakkarye ta yi mana alama mu ɗauka. A zatonta muna da mace a gida wadda ta san abin da ake yi da shi. Ba ta da laifi. A garin nan ko yaron goye ya sani.

Muka sauka bakin wani rafi. Azahar ta yi. Na ce salla tukuna, sannan ci.

"Liman, kai ka yi mana sallar, ni in yi mana bisimilla. An raba aiki ke nan."

"Ba a haka."

"To fara, ina zuwa. Ciki ba ya bin liman."

Ya zaro wuƙa ya fere guda ya gatsa. Na ga ya yamutsa fuska, na tambaye shi lafiya.

"Ɗan ɗaci ne. Na Kano ya fi shi tarbiyya. Amma anza ta fi shi iya faɗa. Ba ka ga awakin matar nan suna ci ba?"

Na yi alwala, na yi salla, na zauna na ja wuridina har ƙarshe yadda na saba. Kafin in shafa ya cinye manya biyu ya kama na uku. Na gatsa nawa, na ji ya kama mini maƙogwaro, na tofar na ce a bari a gasa. Ya tashi zai yi alwala sai ya dafe kai ya ce ƙasa na juyawa. Sai amai. Sai numfashi ya fara yi masa wuya, leɓɓansa suka sauya.

Na goya shi na ruga gidan Iya don shi ne kusa. Da ta ga guntun rogon a hannuna sai ta ɗora hannu biyu a ka ta ƙwalla ƙara. Ta ɗauko manja ta ɗura masa, ta sake ɗurawa. Tana kuka tana jan hannuna zuwa bayan ɗaki, ta nuna mini manyan tukwane da rogo ke jiƙe a ciki yana wari. Nan na gane. Nasu rogon ba irin na Kano ba ne. Sai an jiƙa shi kwana da kwanaki an zubar da ruwan, daidai yadda matanmu ke yi wa anza. Mun san wannan aiki tun muna yara. Ba mu dai san shi a jikin rogo ba.

'Ya'yanta maza suka ɗauke shi a kan ƙyaure zuwa Sabo. Da la'asar sakaliya ya ɗan farfaɗo, ya ga ni a kansa.

"Bawana."

"Na'am."

"Kada ka ce wa mutanen Ollelewa rogo ne. Za su yi mini dariya. Ka ce zaki."

"Yi shiru, ka yi salati."

Ya yi. Can ya ce, "Sakalar nan na bar maka. Ka cire abinka. Na san ta daɗe tana ci maka rai."

Bai kai magariba ba. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Da safe Iya ta aiko da farin ƙyalle sabo, da shi aka yi likkafani. Allah ya saka mata. Mutanen Sabo da ba su san sunan ubansa ba suka yi masa salla, aka lulluɓe makarar da sakalarsa aka kai shi maƙabartar baƙi, bayan zangon shanu. Baba Ɗanjuma ya haƙa, ƙasar ja ce mai tsakuwa. Da kowa ya watse na riƙe alamu don maganar Gwaggo: ga wani babban itace daga gabas, ga suri daga arewa. Na kuma kafa sanda wajen kai. Sannan na zauna a nan na shimfiɗa sakalar a cinyata, na cire karangiyar ɗaya bayan ɗaya ina zubarwa, tun daga wannan gefe har wancan. Ba mai hana ni. Da na gama rana ta take tsaka, yatsuna duk jini.

Zango na biyar, Ikko, ba ni da abin faɗi a kansa. Ba ni da guzurin komawa gida, sai na bi masu goro can na yi daminar ina dako a bakin ruwa. Na ga teku. Ban sami wanda zan nuna wa ba.

Da damina ta ja baya na koma Badun, don in tsaya a kan kabarin in tabbatar da alamuna kafin in kama hanyar arewa. Na tarar ba kome. Babban itacen masu katako sun sare shi, har kututturen an ƙone. Suri ya zama barkatai. Sandar da na kafa kuwa, ashe a ƙasar nan ko sanda ka soka a ƙasa tsiro take yi, kuma kowa irin sandar yake kafawa, duk sun yi ganye iri ɗaya. Ciyawa ta fi tsayina. A Ollelewa kabari kan shekara goma da ƙayar da aka ɗora masa. A nan damina ɗaya ta haɗiye shi.

Na sami Baba Ɗanjuma na ce ya nuna mini.

Ya daɗe yana duban ciyawar. Ya ce, "Ɗana, na haƙa da yawa bayan nasa. In na nuna maka na yi ƙarya."

"Ka yi ƙoƙari, Baba."

"Ƙasa duk ta Allah ce. Tsaya nan ka yi masa fatiha, za ta same shi."

"Na sani. Amma akwai wadda za ta tambaye ni."

"Uwarsa? To ka ce mata maƙabartar Sabo. Za ta zo ta duba ne?"

"Ba za ta zo ba. Fuskata za ta duba."

Ya shiga rumfa ya miƙo mini addarsa.

Na raba maƙabartar layi-layi a raina, na fara daga gefen rafi. Ina sare ciyawa, ina shafa ƙasa da ƙafa in ji tudun kabari, don na tuɓe takalma saboda girmama mamata. Tuddan na samu da yawa, amma duk ɗaya suke. Na yi kwanaki a haka. Cinnaku suka cije ni, na kashe maciji, masu wucewa suka fara cewa mutumin Faransin nan ya taɓu. Ayarin da zan bi zuwa Kano ya sa ranar tashi. Na fara shirya a raina yadda zan tsaya gaban Gwaggo in ce mata na san garin, na san unguwar, amma ban san wurin ba. Na san abin da za ta ji: kudu.

Ana jibi ayari zai tashi, da hantsi, na kai ƙafa cikin wata ciyawa sai na ji suka a tsakanin yatsu. Na tsaya cik. Ƙayoyin ƙasar nan duk sun soke ni, na san nasu. Wannan dabam ce. Ita ce mai kamawa ta ƙi saki, in ka cire ta da hannu ta koma hannun. Na ɗaga ƙafa na duba.

Karangiya ce.

Na durƙusa na buɗe ciyawar a hankali. Ga ta nan, 'yan tsiraru, sirara, sun yi rawaya, sun jingina da ciyawar ƙasar don neman rana. Amma sun yi 'ya'ya, sun nuna. Duk a wuri ɗaya suke, faɗin inda mutum zai zauna ya shimfiɗa bargo a cinya. Gabansu ga tudun kabari, ga sandata ta yi ganye.

Na kira Baba Ɗanjuma. Ya tsuguna ya taɓa, ta kama masa yatsa, ya yi murmushi irin na wanda ya ga ɗan garinsu.

"Ba na ganinta a wajen nan sai a zangon shanu," in ji shi. "Takan zo a wutsiyarsu ta fito damina ɗaya. Ba ta kai ta biyu, ciyawar nan ba ta barin baƙo. Da baɗi ka zo, da ba ka same ta ba."

Muka share wurin. Ya kawo fasasshen tulu muka kife wajen kai da wajen ƙafa. Akwai wata 'yar kuka da ta tsiro bayan rumfarsa, ya tuge ta da ƙasarta muka dasa daga gefen kai, ya ce shi zai riƙa kore mata awaki. Na tsinke karangiyar da ta nuna na ƙulle a bakin sakala.

Zango na ƙarshe, gida.

Labari ya riga ni isa, wani mai kora ya kai shi tun da damina. Na tarar an yi sadaka, an share makoki. Na shiga gidan Gwaggo bayan la'asar, tana zaune a kan tabarmar salla. Na durƙusa na gaishe ta, na yi mata gaisuwar rashi. Ba ta tambaye ni me ya kashe shi ba. Kalma ɗaya ta ce.

"Ina?"

Na ce, "Garin Badun. Unguwar Sabo. Bayan zangon shanu akwai rafi, in an ƙetare shi maƙabarta ce. Layi na kusa da ƙarshe daga gabas. Akwai tulu a kife wajen kai da wajen ƙafa, akwai kuka tana tasowa."

Ta dube ni da kyau. "Ka tabbata nasa ne?"

Na kwance bakin sakalar na zuba mata a tafin hannu. Na faɗa mata yadda aka yi, tun daga cirewar har sukar, ban rage ba ban ƙara ba. Ta daɗe tana kallon abin. Wannan ita ce ciyawar da take sharewa daga tsakar gidanta kullum tana tsine mata. Sai ta dunƙule hannun a kanta, ta matse, na ga ta runtse ido amma ba ta buɗe hannun ba.

"Ta wane waje garin yake?"

Na nuna mata kudu maso yamma, ta kan rumbun gero. Ta gyara zama ta fuskanci wajen.

"To," in ji ta. "Uban ma can zan riƙa haɗa su a addu'a."

Ta ɗaga hannu, ɗaya a buɗe ɗaya a dunƙule, na ɗaga nawa. Allah ya jiƙan Nomau da ubansa, ya jiƙan duk wanda ya kwanta a ƙasar da ba a san sunansa ba. Amin.